Manhajar Lissafin Kaya a Shagunan Iware: Inda Take Amfani da Inda Take Ruɗar Mai Jari

IWARE, Jihar Taraba: Garin Iware da ke Ƙaramar Hukumar Ardo Kola, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Jalingo ta nufi Wukari, ya yi suna ne saboda kasuwarsa ta shanu mai ci mako-mako, inda fatake ke loda dabbobi a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan. A gefen karar kuma akwai wata hada-hada da ba a cika maganarta ba, wato ta masu shaguna da 'yan sari waɗanda ke sayar wa makiyaya da manoma kayan masarufi, da magungunan dabbobi, da gishiri da kanwa, da takin zamani da maganin feshi. Jarin waɗannan 'yan kasuwa yana jibge ne a sito, cikin buhuna da katan-katan, saboda haka duk wanda bai san ainihin abin da ke sitonsa ba, bai san nawa ya mallaka ba.

Wannan buƙata ce kamfanonin da ke ƙera manhajojin lissafin kaya suke cewa sun zo su biya. Manhajar wani tsari ne da ake sanyawa a kwamfuta ko a wayar hannu, wanda ke rubuta duk kayan da suka shigo shago da farashin sarinsu, ya cire duk abin da aka sayar, ya fitar da rasit, ya riƙe sunayen masu bashi, sa'an nan ya yi wa mai shago gargaɗi idan wani kaya ya kusa ƙarewa don ya ba da oda. Manyan kamfanoni a Legas da Kano sun daɗe suna aiki da irin su QuickBooks da Sage 50, wanda tsofaffin akantoci suka fi sani da sunan Peachtree, da kuma Tally na ƙasar Indiya. Daga baya aka sami ƙanana masu aiki a waya, kamar Loyverse daga waje da Bumpa ta cikin gida, waɗanda ƙaramin ɗan kasuwa zai iya ɗauka ba tare da ya ɗauki akanta ba.

Abin da ya ƙara tura 'yan kasuwar karkara zuwa ga waya shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000, kuma kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, kasuwannin da suka dogara da tsabar kuɗi sun sha wuya ƙwarai. Mai shagon da a da ba ya karɓar komai sai kuɗi a hannu ya koyi karɓar tura kuɗi ta waya da na'urar POS. Daga nan ciniki ya rabu gida uku, wani a aljihu, wani a asusun banki, wani a bakin masu bashi, har littafin da ake rubutawa da biro ya fara kasa riƙe lissafin.

Amfanin farko da mai shago ke gani bayan ya soma aiki da manhajar shi ne sanin kayan da suka yi kwantai. Idon mutum yana kan abin da ke fita da sauri, ba ya lura da katan goma na wani maganin da ke can ƙuryar sito tun bara. Manhajar kuwa takan jera kaya bisa ranar da aka sayar da su na ƙarshe, ta nuna adadin jarin da ke kwance. Ga masu sayar da magungunan dabbobi da na feshi wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin kowace kwalba tana da ranar da wa'adinta ke cika. Idan an shigar da ranakun tun lokacin sauke kaya, manhajar za ta sa a fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa, maimakon yaron shago ya miƙa hannu ya ɗauko na gaba-gaba.

Sai dai yawancin waɗannan manhajoji an tsara su ne domin kantin da komai nasa ke cikin kwali, da lambar zane-zane da na'ura ke karantawa, irin wadda aka fara aiki da ita a wani kanti a jihar Ohayo ta Amurka a watan Yuni na 1974. Kasuwar Iware kuwa da mudu take awo. Ɗan kasuwa ya sari buhun shinkafa ko na masara, ya buɗe ya riƙa sayarwa mudu-mudu, kuma yawan mudun da zai fita daga buhu ɗaya ya danganta ne da girman buhun, da bushewar hatsin, da hannun mai awo, da gyaran da ake ƙara wa mai saye don ya dawo gobe. Idan aka gaya wa manhajar cewa buhu mudu 40 ne, alhali abin da ke fita a zahiri 38 ne, to a kowane buhu za ta nuna giɓin mudu 2. A buhu 100 giɓin ya zama mudu 200, wato fiye da buhu biyar waɗanda babu wanda ya sace su. A nan ne ake samun ɓacin rai, domin mai gida ya ga lamba a waya ya yarda da ita, ya tuhumi yaron da ya yi shekaru yana riƙe masa amana. Maganin abin shi ne a auna buhu da dama a gaban mai gida, a ɗauki matsakaicin abin da ya fita, shi za a shigar, a kuma sake awon duk lokacin da aka sauya wurin sari.

Su kuwa fataken shanu, manhajar kanti ba ta dace da su kai tsaye ba, tun da babu sa biyu masu farashi ɗaya. Wanda ya nace sai ya yi amfani da ita, dole ya rubuta kowace dabba a matsayin kaya mai zaman kansa, ya ɗora mata la'adar dillali da kuɗin mota da harajin hanya da abincin da ta ci kafin a sayar.

Matsala ta biyu ta fi ta awo haɗari, saboda ba ta nuna kanta. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni na shekarar aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji, dalar da ake sayarwa kimanin N460 a hukumance ta haura N1,500 a watan Fabrairu na 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A irin wannan yanayi, ribar da manhaja ke nunawa tana iya zama faɗuwa.

Misali zai fayyace batun. A ce mai shago ya sari katan 100 na sabulu a kan N10,000 kowane, ya sayar a kan N11,000. Manhajar za ta rubuta cinikin N1,100,000 da ribar N100,000, kuma lissafinta daidai ne bisa ƙa'idar akantoci, wadda ke auna riba da farashin da aka sayi kaya. Amma idan ya koma wurin sari ya tarar katan ya zama N11,500, duk kuɗin da ke hannunsa, uwa da riba, katan 95 kawai za su saya. Ya yi aikin wata guda, ya biya haya da yara, sitonsa kuma ya ragu da katan biyar. Idan har ya cire N100,000 ɗin nan ya kai gida a matsayin riba, abin da zai iya sarowa bai wuce katan 86 ba. Tsohon ɗan kasuwa wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya san wannan, shi ya sa yakan buga waya Anacha ko Kano ya ji farashin yau kafin ya sallama kayan jiya. Wanda ya sakankance da allon waya shi ne ke faɗawa ramin. Don haka tambayar da ta kamata mai saye ya yi wa mai tallar manhaja ita ce ko tana ba da damar sanya farashin sari na yau a gefen na da, da sauya farashin kaya masu yawa a lokaci guda.

Haka nan batun ba da oda. Manhajar tana lissafa lokacin da ya kamata a sake saro kaya ne da abu biyu: yawan abin da ake sayarwa a rana, da kwanakin da mota ke yi kafin ta iso. Wanda ke sayar da katan 5 a rana, kayansa kuma na kwana 4 a hanya, ya kamata ya ba da oda idan saura katan 20, tare da ɗan ƙari na ko-ta-kwana. Dukkan ma'aunan biyu suna da rauni a gari irin Iware. Na farko, ciniki ba ya tafiya daidai kowace rana. Shagon da ke sayar da katan 70 a mako yana iya fitar da 40 daga ciki a ranar kasuwa kaɗai, manhajar da ta raba 70 gida bakwai kuwa za ta ɗauka katan 10 ake sayarwa kullum, ta bar mai shago da katan 25 a jajibirin kasuwa tana nuna masa babu damuwa. Ga kuma sauyin lokaci: maganin feshi da taki na farkon damina ne, kayan sawa da na masarufi sukan tashi da kaka da gabanin salla, kwanan salla kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, abin da manhajar da ke kwatanta watan bana da na bara ba ta sani ba.

Na biyu, hanya. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke Ƙaramar Hukumar Gassol, a kan wannan hanya ta Jalingo zuwa Wukari, wadda ta nan kayan kudu ke bi su iso Iware da Jalingo. Motoci suka koma dogaro da fito ko dogon zagaye, kwanakin tafiya da kuɗin dako suka ƙaru. Babu manhajar da ta san gada ta karye. Wadda aka gaya wa kwana 4 za ta ci gaba da lissafi da kwana 4 har sai mai shago ya shiga ya gyara da hannunsa, ya kuma raba ƙarin kuɗin motar a kan kowane katan, in ba haka ba farashin sarin da ke ciki ya zama na ƙarya.

A fannin bashi manhajar ta fi littafi, domin takan tara abin da ake bin kowane mutum ta nuna tsawon kwanakin da ya yi. Mai shago da yawa bai san cewa sulusin jarinsa ko fiye na hannun mutane ba sai ranar da ya ga jimlar a wuri guda. Amma bashin karkara yana da lokacinsa: manomi sai kaka, makiyayi sai ya sayar da dabba. Wasu manhajojin kan aika wa mai bashi saƙon tuni da kansu bayan kwana 30, kuma dattijon da ya shekara ashirin yana ciniki a shago ɗaya ba zai ji daɗin wayarsa ta yi masa tunin bashi ba. Gara a kashe wannan sashe, a bar tuni a bakin mai shago.

Saura batun inda lissafin yake ajiye. Manhajar da ke buƙatar intanet a kowane ciniki takan tsaya cik idan layi ya ɗauke, sau da yawa a ranar kasuwa lokacin da jama'a suka yi wa layin yawa, ga kuma wutar lantarki da ba a dogara da ita. Wadda ke aiki ba layi, ta aika bayanai daga baya, ita ta fi dacewa. Wadda ake biyan kuɗinta da dala kuwa, nauyinta a Naira ya ninka kusan sau uku tsakanin 2023 da 2024 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Akwai kuma haɗarin kamfanin kansa ya janye. Kippa, wata manhajar lissafi ta Nijeriya da aka fara a 2021 domin ƙananan 'yan kasuwa, ta rufe sashenta na wakilan hada-hadar kuɗi a ƙarshen 2023, kuma a farkon 2024 kafofin labaran fasaha suka ba da rahoton cewa masu amfani da ita sun kasa buɗe lissafinsu. Wanda sunayen masu bashinsa ke can kaɗai, ba shi da abin nunawa. Saboda haka kafin a biya kuɗin kowace manhaja, wajibi ne a tabbatar tana barin mutum ya kwafe bayanansa, a kuma riƙa buga jerin kaya da na masu bashi a takarda duk ƙarshen wata a adana.

Ƙidayar hannu ma ba ta faɗi ba. Ciniki ɗaya da aka manta ba a shigar ba a cikin cunkoson ranar kasuwa ya isa ya raba lambar waya da abin da ke sito, kuma kuskuren taruwa yake yi. Ba lalle a rufe shago a ƙirga komai ba. Kaya kaɗan ne ke riƙe da mafi yawan jari a kowane shago, irin su taki da sukari da man girki da magunguna masu tsada. Su ake ƙirgawa duk mako, washegarin kasuwa, sauran kuma sau ɗaya a wata. Ya kamata kowane yaro ya kasance da lambar shigarsa daban, ikon soke ciniki ko sauya farashi kuma ya tsaya a hannun mai gida.

Ta fuskar hukuma, a shekarar 2025 hukumar tara haraji ta tarayya ta fara tsarin rasit na kwamfuta ga manyan kamfanonin da cinikinsu ya kai Naira biliyan 5 a shekara. Wannan adadi ya yi wa shagunan Iware nisa, amma masana'antun da ke samar da sukari da siminti da taki suna cikinsa, kuma daga wajen dilolinsu ne 'yan sarin Jalingo da kewaye ke ɗaukar kaya.