Bambancin Launin Katako da Yadda Kafinta Ke Daidaita Shi

Shi katako ba kamar yadi ba ne da ake rinawa a tukunya guda ya fito launi ɗaya. Sau da yawa kafinta yakan haɗa tebur da allunan da aka tsaga daga gungume guda, sa'ad da ya shafa mai sai wani allo ya fito ja wur, wani kuwa fari-fari. Mai saye yakan zaci an cakuɗa masa itacen banza ne, ya rage kuɗi ko ya fasa cinikin ɗungum, alhali kuwa halittar itacen ke nan.

Dalilan wannan bambanci uku ne. Na farko, kowane gungume yana da sashe biyu: na gefe mai bin ɓawo, wanda ruwa ke hawa ta cikinsa, shi fari ne, da na tsakiya, watau zuciyar itace, inda wasu sinadarai suke taruwa su rina shi. A maɗobiya da kawo iyakar sassan nan biyu a fili take ƙwarai. Na biyu, haske da iska suna sauya launi. Loko sabon tsagawa rawaya ne, in ya daɗe a sarari sai ya koma ruwan ƙasa. Maɗaci kuma daga ja mai haske yakan koma ja mai duhu. Na uku, katako ba ya shan ruwa daidai ko'ina. Bakin allo, inda zarto ya gitta jijiyoyin itacen, ya fi bayansa sha nesa ba kusa ba, don haka ya fi yin duhu in an shafa rini.

Maganin abin yana farawa tun kafin a ɗauki zarto. Gwanin kafinta yakan jera allunansa a hasken rana, ya shafe su da tsumma mai ɗan laima, gama laima tana nuna launin da za su yi bayan an shafa mai. Sa'an nan ya haɗa masu kama da juna a fuskar tebur ko ƙofar kabad, ya mai da masu farin gefe ciki ko ƙarƙashi. Wajibi ne kuma katakon ya bushe sosai, domin ɗanye ba ya karɓar shafi da kyau, kuma in hunturu ya kama shi sai ya tsage.

Bayan haɗawa sai gogewa da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana bin tsawon jijiya. Wajen da aka bari da kaushi yakan sha rini da yawa ya yi dabbare-dabbare. In akwai farin gefe da ba makawa sai ya bayyana, shi kaɗai ake fara rinawa, da rini tsararo, shafi bayan shafi, har ya kusanci ɗan'uwansa. Kada dai a kai shi ga duhu sosai, gama zuciyar itacen za ta ci gaba da sauyawa. Bakin allo kuwa akan fara toshe shi da siririn shafi na banish don ya rage sha. Kowane haɗi a gwada shi tukuna a kan guntun da ya rage daga aikin. Baƙin tabon da ƙusa ko garin ƙarfe ke bari a katako mai laima ba ya ɓoyuwa da rini, sai an kankare shi ko an wanke da ruwan asid na ogzalik.

Wannan ilimi ya ƙara daraja a yau, saboda itatuwan nan sun yi ƙaranci. An sa maɗobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017, maɗaci da kawo kuma suka bi sahu a 2023. Kafinta ba shi da halin yar da allo don launinsa ya saɓa. Abin da ya rage masa shi ne ya san gurbin da ya dace da kowane allo, ya kuma sanar da mai saye tun wajen ciniki cewa launin da ya gani ranar ɗauka zai ƙara nuna bayan wasu watanni.