Wa Ya Tantance Mai Riƙe da Wuƙar Tiyata?

A ƙauyukan Bichi, Dambatta, Kunchi da Tsanyawa, idan naƙuda ta yi gardama ko zazzaɓi ya ƙi sauka, dangi ba sa tsayawa tambayar takardu. Duk wanda ya fito da farar riga da abin awo rataye a wuya, shi ake damƙa wa majinyaci. Wannan amana ce ta sa tantance ma'aikatan asibiti ya zama batun ceton rai.

Doka ta shimfiɗa hanya. Likita yakan yi shekara shida a jami'a, irin su Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a hannun manya. Daga nan hukumar kula da likitoci ta ƙasa, wato MDCN, wadda aka kafa a 1963, take yi masa cikakkiyar rajista, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisi. Ma'aikatan jinya da unguwar zoma suna da tasu hukumar. Mai kemis kuwa, izininsa na sayar da wasu magunguna ne kawai, ban da allura ko ƙarin ruwa a bayan labule.

Sai dai ana iya aron takarda. A 2015 asirin wani mutum ya tonu a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja, bayan ya shafe kusan shekara tara yana aikin likita da takardun abokinsa. Idan haka ta faru a hedikwata, ina ga asibitin ƙauye?

A nan nauyin babban likitan asibiti yake. Shi zai tuntuɓi MDCN ya tabbatar da rajistar sabon ma'aikaci. Shi zai tsaya a ɗakin tiyata ya ga kamun hannunsa kafin ya bar shi ya yi wa mai ciki aiki shi kaɗai, domin digiri daban, ƙwarewa daban. Ƙarancin likitoci a karkara yakan sa a kau da kai, amma sakaci irin wannan talaka ke biyan sa da ransa.

Manyan asibitocin gwamnatin jiha suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano, na kuɗi kuma hukumar PHIMA ke sa musu ido. Dagatai da masu unguwanni, idan aka buɗe sabon asibiti a yankinku, ku nemi ganin lasisi, ku duba suna da shekara. In babu, ku kai rahoto.