Bayan Dashen Ciki Ya Faɗi Sau Uku: Me Ake Sayar Wa Masu Neman Haihuwa?

Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a jihar Maradi kuwa lissafin ya haura 8. Inda haihuwa ta yi yawa haka, wadda ba ta samu ba ita ce ido ke kai. A Tasawa ko Mayahi, amarya ta yi shekara biyu ko ɓatan wata ba ta yi ba, sai magana ta fara yawo daga gidan suna zuwa bakin rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma fim ɗin da Aïcha Macky 'yar Damagaram ta fitar a 2016, L'Arbre sans fruit, ya nuna yadda nauyin ke sauka kan mace ita kaɗai.

Hanyar neman magani sananniya ce: rubutu, saiwa da sassaƙe, wasu har gidan 'yan bori, sannan likitar gari, sannan Maradi. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne wani ɗan rukuni, galibi 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, da ke ƙetarawa ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa asibitocin kuɗi na Najeriya, ko su hau jirgi zuwa Tunis, neman dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF. Ana ciro ƙwan mace, a haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, in ya zama ɗan tayi a mayar da shi mahaifa. Aikin ba sabo ba ne, tun 1978 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila. Sai dai ko ga macen da ba ta kai shekara 35 ba, kusan dashe ɗaya cikin uku ne ke kaiwa ga haihuwa, kuma da an haura 40 rabon ya ragu ƙwarai. Ke nan faɗuwa sau biyu ko uku ba baƙon abu ba ne. Amma ba haka mai miliyoyin da suka narke yake ji ba.

A wannan gaɓar ce ake miƙo takarda ta biyu, mai jerin ƙarin ayyuka, kowane da farashinsa a gefe. "Alhaji, wannan karon sai mu tace maniyyin. Hajiya kuma mu duba garkuwar jikinta."

Tace maniyyi yana da tushe na gaskiya. A 1992, a Burusel, aka fara samun haihuwa ta hanyar ɗaukar ƙwayar maniyyi guda a tsira ta cikin ƙwai da allura mai siririn baki, dabarar da ake kira ICSI, kuma ta buɗe wa mazan da maniyyinsu ya yi ƙaranci ko rauni ƙofar da a da take rufe. Abin da aka ɗora a kanta ne ke da gardama. A wata dabarar, PICSI, ana ɗiga wani sinadari mai kama da wanda ke kewaye da ƙwan mace a gindin faranti, ƙwayar da ta manne masa da kai tana kaɗa jela a wuri ɗaya ita ake ɗauka, wai ta fi nuna. A wata kuma ana girmama hoton ƙwayar sau dubu shida don a zaɓi mai kyan siffa. An gwada PICSI a Birtaniya kan ma'aurata 2,772, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2019: kashi 27.4 cikin ɗari suka haihu da ita, kashi 25.2 ba tare da ita ba, tazarar da masu binciken suka ce ba ta isa hujja ba. An dai ga ɓari ya ragu a cikin waɗanda aka yi wa, abin da ya sa ba a yar da ita gaba ɗaya ba.

Batun garkuwar jiki kuwa ya fi rauni, kuma shi ya fi shiga rai. Ana cewa wasu ƙwayoyin kariya da ke cikin mahaifa suna ɗaukar ɗan tayi a matsayin baƙo su kore shi, don haka sai a kwantar da su. Ana ɗaura wa mace ƙarin ruwa fari fat kamar madara, wanda ainihinsa man waken suya ne da gwaiduwar ƙwai, abincin da aka ƙera don majinyacin da ba ya iya ci ta baki. Ko a yi mata ƙarin sinadarin kariya da aka tato daga jinin dubban mutane, mai tsadar gaske. Ko a rubuta mata firednisolon, maganin da ke danne garkuwar jiki. Wani bincike a ƙasar Sin kan mata 715 da dashe ya sha faɗi musu, wanda mujallar JAMA ta buga a 2023, ya raba su biyu, rabi suka sha irin wannan magani, rabi suka sha ƙwayar da ba komai cikinta. Haihuwa ta zo kusan daidai, kashi 37.8 da kashi 38.8, har da alamar haihuwar bakwaini ta fi yawa ga masu shan maganin. Hukumar da ke sa ido kan wannan aiki a Birtaniya, HFEA, ta gargaɗi jama'a kan illar wasu daga cikin waɗannan magunguna, ƙungiyar ƙwararrun Turai ma a 2023 ba ta ba da shawarar amfani da su ba. Abin da ya fi kayar da dashe shi ne ɗan tayin kansa ya zo da tangarɗa a ƙwayoyin halittarsa, kuma wannan na ƙaruwa da shekarun mace. Babu ƙarin ruwan da ke gyara shi.

To me ya sa ake saye? Nisa na ciki. Wanda ya taso daga Kanambakashe ko Maijirgi, ya canza sefa zuwa naira, ya kama ɗaki na makonni a garin da ba nasa ba, wataƙila ya saki gona ko shanu, ba ya son ya koma gida da "da na sani". Duk abin da aka ce zai ƙara ko da ƙiris, zai biya. Addini ma ya taƙaita zaɓi: tun fatawar Azhar ta 1980 malaman Sunna sun halatta dashe tsakanin miji da matarsa, sun haramta karɓar maniyyi ko ƙwan wani. Abin da Bature zai koma gare shi bayan faɗuwa ta uku ba ya cikin lissafin Musulmi, sai ya rungumi duk dabarar da ta yi alkawarin gyara nasa. Asibitin kuwa ciniki yake yi, kuma likita ma mutum ne, da wuya ya dubi wanda ya yi asara ya ce a sake yin abin nan dai yadda aka yi shi.

A ganina akwai dalili na huɗu da ba a faɗa. Zancen cewa jikin mace ne ke korar ciki ya zo daidai da abin da dangin miji suka daɗe suna raɗawa, yanzu ga shi da hatimin asibiti. Matar da ta tafi da zargi sai ta dawo da takarda.

Illar farko ta aljihu ce: kuɗin da ya tafi kan ƙarin ayyuka uku ko huɗu da zai rage nauyin wani dashen, wanda shi ne aka tabbatar yana ƙara rabo, musamman tun shekaru ba su ja ba. Ta biyu ta jiki ce. Dangin firednisolon suna tayar da sukari da hawan jini, suna raunana kariya daga cututtuka, kuma ba a daina su farat ɗaya bayan an daɗe ana sha. A nan abin ya fi ban tsoro, don irinsu, su desametazon, suna nan a farantin masu tallar magani a kasuwannin ƙauye, mata na sha don ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe. Ranar da labari ya bazu cewa wance ta sha irinsa a Abuja ta samu ciki, ba mai neman takardar likita kafin ya saya.

Mafi yawan masu matsalar rashin haihuwa a Tasawa da Mayahi ba za su taɓa ganin ƙofar ɗakin dashe ba, kuma damuwarsu daban take. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun 1980 ya gano cewa a Afirka toshewar hanyar ƙwai sanadin cuta ce kan gaba: ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba, cutar da ke biyo bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsabta, wani lokaci tsargiya. Shi ya sa ake yawan ganin wadda ta haihu ɗaya ta tsaya. Gwamnati ta sauƙaƙa kuɗin tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun tsakiyar shekarun 2000, amma tsarin an gina shi ne don mai ciki da mai goyo, ba don wadda ke nema ba. Ɓangaren namiji kuwa, wanda ke da hannu a kusan rabin matsalolin, awonsa ne mafi arha: ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi, a duba a madubin likita, in an ga rauni a maimaita bayan wata uku. Mazaje da yawa sun gwammace su ƙara aure da su yi wannan awon, sai an yi amarya ta biyu da ta uku gidan na nan shiru sannan a fara tunanin zuwa Maradi.