Matatar hoto: lissafin da ya share tsagar kaka

Kwanan baya Allah ya yi wa wata tsohuwa rasuwa a unguwarmu, nan Mayo-Oulo. Bayan sadakar bakwai, sai 'ya'yanta da ke Garwa da Mubi suka nemi a wanko musu hotonta, kowa ya rataye a ɗakinsa. Jikarta ta fito da wanda ta ɗauke ta da waya ranar Sallah. Da muka duba, sai ga mace fara sol, fuska sumul kamar ta amarya. Tsagar gado da ke kumatunta, wadda da ita ake gane asalin iyayenta, babu ita babu alamarta. Yarinyar ta rantse ba ta goge komai ba, ita dai ta danna abin nan da suke kira filta, wato matata.

Gaskiyarta ne. Ba hannu ya share tsagar ba, lissafi ne, kuma bai fi ƙarfin ɗan firamare ba.

Hoton waya ɗigo-ɗigo ne jere a layi, miliyoyinsu. Kowane ɗigo yana da lamba daga 0 zuwa 255, wadda ke nuna duhunsa ko haskensa. In hoto mai launi ne, lambobin uku ne: ja, kore da shuɗi. Ita matatar kuwa wani ɗan allo ne mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance, kowane gida da lambarsa. Na'ura takan ɗora shi kan ɗigo ɗaya da maƙwabtansa takwas, ta ninka lambar kowane gida da ta ɗigon da ke ƙarƙashinsa, ta haɗa jimla, jimlar ta zama sabuwar lambar ɗigon tsakiya. Sai ta matsa gaba, har ta ratsa hoton duka.

Mu kwatanta da aji. A ce yaro ya ci 18 bisa 20, yara takwas da ke kewaye da bencinsa kowa ya ci 9. Mu haɗa, 90 ke nan. Mu raba tara, ya tashi da 10. Haƙiƙa ajin ya daidaita, amma haziƙin ya ɓace, kuma wanda aka miƙa wa 10 ɗin nan ba zai san a da 18 ce ba. To, haka aka yi wa tsagar tsohuwa. Layi ne siriri mai duhu, aka gauraya shi da fatar da ke gefensa har ya narke. Matatun wayoyin yanzu sun fi haka wayo, sukan kauce wa ido da baki, amma tushen ke nan.

In aka sauya lambobin allon, aiki ya sauya. A sa 5 a tsakiya, a ɗebe ɗaya-ɗaya na sama da ƙasa da dama da hagu, sai gefen kowane abu ya ƙara kaifi. Akwai kuma wadda Irwin Sobel da Gary Feldman suka fito da ita a Amurka a 1968, mai zaƙulo iyakokin abubuwa kaɗai, hoto ya koma kamar zanen alli a allo. Irin waɗannan matatu Photoshop ya sa a hannun masu ɗaukar hoto tun 1990, Instagram kuma ya zuba nasa salon a aljihun yaranmu daga 2010.

Ba mu ce a daina kwalliya ba. Mu ma ranar buki mukan so mu fito fes. Inda muke jan kunne shi ne hoton takardun jarrabawa, irin su CEP da BEPC, wanda mai tsaron jarrabawa zai gwama da fuskar yaro, da kuma hoton dattawanmu. A ce wa mai hoto ya bar fuska yadda take. Wanda kuma ya tace nasa, ya adana na asalin daban, don matatar kaifi ba ta dawo da abin da aka riga aka narkar.

Iyalan tsohuwar dai sai da suka zazzage adakarta. Can ƙasa suka sami tsohon katin shaidarta da ɗan hoto baƙi da fari, ya koɗe, amma tsagar na nan uku-uku a kowane kunci. Shi aka kai Guider aka faɗaɗa.