Lokotoro, injiniya ko kwantabul? A ƙirga shekaru kafin a ɗauki bashin asusu

Sakamakon bak yakan fito ne da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin gida kuma duk ya tafi wajen iri da taki da ƴan ƙwadago. Ana gama guɗa da barka, sai tambaya ta biyo baya: to, mi yarinyar za ta karanta, kuma a ina? Baba ya ce lokotoro. Kawu na Yamai ya ce injiniya, tunda yanzu ƙasa ta shiga harkar man fetur. Ita kuwa ɗiyar ta ji ƙawayenta na zancen jestiyo, wato karatun tafiyar da kamfani da lissafin kuɗi. Kowa da bakinsa. Amma in an zo biya, sau da yawa uwa ce za ta ɗaga hannu ranar zubi ta ce tana son bashi.

Shi ya sa wannan magana ta shafe mu. Asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, an gina shi ne kan bashi na ɗan gajeren lokaci. Ki ɗauka, ki sari gyaɗa ko ki sa tunkiya a turke, bayan wata ɗaya ko uku ki maido da abin da ƙungiya ta ɗora a kai. Kuɗin da aka sa a karatu kuwa ba ya dawowa a wata uku. Wani sai ya shekara bakwai bai dawo da ko dala ba. Don haka kafin a tambayi wane karatu ya fi daraja, a fara tambayar shekara nawa ne, kuma wa zai riƙe yaro har ƙarshensu.

Ga lissafi na misali kawai, kowace ta sa nata adadin. A ce kina aika wa ɗiyarki jika 20 kowane wata, wata 10 a shekara, don abinci da sabulu da kwafin takardu da kuɗin kabu-kabu. Karatun shekara 3 zai ci jika 600. Na shekara 8 zai ci jika 1,600, wato miliyan ɗaya da jika ɗari shida. Mai zubin dala 100 kowane mako kuwa, abin da take tarawa a shekara jika 26 ne. Kin ga ke nan zubi kaɗai ba ya ɗaukar wannan kaya. Sana'ar da bashin ya tayar ita ce za ta ɗauka.

Ƙofa takan rufe tun kafin bak

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba, zaɓin nan tun bayan birbe ake fara shi, ranar da aka raba yara zuwa sigwand A ko sigwand C. Wanda ya bi A, ɓangaren adabi da harsuna, ya yi sallama da likitanci da injiniyanci, ko da makinsa ya kai ina. Waɗannan biyu bak C ko D suke nema, injiniyanci kuma yana karɓar masu bak na fasaha, E da F, irin wanda ake yi a Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi. Masu bak G, su ne aka riga aka ɗora kan hanyar sakatarci da lissafin kuɗi da kasuwanci.

In kina da yarinya a aji na ƙarshe na kwaleji, je ki ga malamin lissafinta tun yanzu. Ba sai kin iya Faransanci ba. Ki ce: "Malam, tsakaninka da Allah, yarinyar nan za ta iya C?" Ƴan mata da dama suna gudun C ne don tsoro kawai, ko don an ce masu lissafi na maza ne. Wata kuma aikin gida ne ya cinye lokacin bitarta. In an sauke mata tallan yamma da ɗibar ruwa a shekarar jarrabawa, an yi mata abin da ya fi jika 50.

Likitanci: doguwar hanya da gajerun hanyoyi

Da can duk mai son zama lokotoro sai ya tafi Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni da ke Harobanda, hayin kogi. Yanzu Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da Jami'ar Andire Salifu ta Damagaram su ma suna da sashen kimiyyar lafiya. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mutanenmu. Ɗiyar da za ta kwana gidan goggonta a Maraɗi, ta ci tuwon gida, an rage mata rabin wahala, an kuma rage wa uwa fargaba. Gurabe dai kaɗan ne, ana duba maki sosai, musamman na lissafi da kimiyya.

Karatun shekara 7 zuwa 8 ne, in komai ya tafi daidai. Kuma ba kullum yake tafiya daidai ba: yajin aikin malamai ko na ɗalibai yakan sa shekara ta zarce cikin wata, bursi yakan makara watanni, yaro yakan maimaita aji. Daga tsakiyar karatu kuma akwai kwanan asibiti, ba lokacin da za ta yi ƴar sana'a a gefe. Yarinyar da ta shiga tana da shekara 19, sai ta kai 27 kafin ta fito. Ke nan zancen aure zai taso a tsakiya, ko an so ko ba a so ba. Gara a yi shi tun farko, a gaban uba da duk wanda ya fito nema: za ta ƙarasa, ko da ciki ko da goyo. Mun sha ganin inda aka kashe kuɗin shekara huɗu, sannan miji ya ce a zauna gida. Shekara huɗu na likitanci ba takarda ba ce. Ba inda za a kai ta.

Akwai gajerun hanyoyi, kuma ba na raini ba ne. Makarantun lafiya na gwamnati, ENSP Damure Zika ta Yamai da ENSP ta Damagaram, suna horar da ungozoma da masu jinya da ma'aikatan ɗakin gwaji cikin shekara 3 bayan bak. Mai birbe ma tana iya shiga karatun ƙaramar ma'aikaciyar lafiya. Duk wadda ta taɓa naƙuda a ƙauye da tsakar dare ta san darajar ungozoma mace da ta san aikinta. A ganina, gidan da ƙarfinsa bai wuce shekara uku ba, ungozomar da ta gama ta fi masa lokotoron da ya tsaya a hanya.

Sai dai a yi hattara da makarantun lafiya masu zaman kansu, waɗanda suka yi yawa a kowane babban gari. Akwai nagari a cikinsu, akwai kuma waɗanda allon ƙofa ya fi abin da ke ciki kyau. Ɗalibansu sai sun zauna jarrabawar bai ɗaya ta ƙasa kafin takardarsu ta yi aiki. Don haka ki tambaya: bara nawa kuka kai, nawa suka ci? A wane asibiti suke koyon aiki da hannu? In an fara kame-kame, kin samu amsa.

Injiniyanci

A Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin duwatsun ƙasa, wadda ake shiga da jarrabawar gasa. A jihohi kuma akwai IUT, cibiyoyin fasaha da aka buɗe a Maraɗi da Tawa da Damagaram tun kafin a mai da su cikakkun jami'o'i a 2010. Ta Maraɗi ita ce ta gine-gine da lantarki da injuna. Ta Damagaram tana da awon ƙasa da tsara birane da harkar sufuri. Karatun teknisiye shekara 2 zuwa 3 ne, cikakken injiniya kuwa shekara 5.

Kawu bai yi ƙarya ba da ya ambaci fetur. Matatar SORAZ tana aiki kusa da Damagaram tun 2011, ga bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, ga simintin Malbaza, ga gawayin Anu Araren. Amma waɗannan wurare ba sa ɗaukar kowa, kuma yawanci nesa suke da gida. Aikin da ya fi kusa da hannu shi ne na yau da kullum: gini, hanya, rijiyar burtsatse, faifan hasken rana, jan wayar lantarki. Wanda ya iya waɗannan yana iya cin abinci ko gwamnati ba ta kira shi ba. Abin dubawa a nan shi ne kayan aiki. Makarantar injiniya da ba ta da ɗakin koyon aiki, sai allo da alli, kamar koyon saƙa ne babu zare. Kuma a sa kuɗin kwamfuta cikin lissafi tun shekarar farko, don ba makawa sai an saya.

Ƴan mata fa? Ba abin da ya hana. Awon fili da zanen gini da lissafin ƙarfe da siminti ba ƙarfin damtse suke so ba.

Jestiyo: mai sauƙin shiga, mai wuyar fita da aiki

Nan ne aka fi cunkoso, nan ne kuma aka fi cin kuɗin iyaye. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa ita ce ta yi suna a fannin shari'a da tattalin arziki da jestiyo, Yamai ma tana da nata sashen. Bayan su sai makarantu masu zaman kansu bila adadin, kowace da tallanta a rediyo, wasu har da alkawarin rage rabin kuɗi suna kiran shi bursi. Rabin mi? Ki nemi jimillar abin da za a biya a shekara, a rubuce, har da kuɗin rajista da na jarrabawa da na kare kundi.

Kalmar jestiyo faɗi gare ta. Wanda ya karanci lissafin kuɗi na gaske, ya iya riƙe littafin kamfani da fitar da haraji da aiki da kwamfuta, ɗan kasuwar Maraɗi ma yana bukatarsa, haka ƙungiyoyin agaji da bankunan talakawa. Wanda ya karanci abu mai dogon suna da ba ya iya yi wa uwarsa bayaninsa da Hausa, shi ne yakan daɗe yana yawo da ambulan. Ki gwada ɗiyarki: "Ƴar nan, in kin gama, wa zai ɗauke ki, ki yi masa mi?" In ta ce, "Inna, zan riƙe masa littafin shiga da fita, kamar yadda sakatariyar asusunku take yi, amma na kamfani," to ta san inda ta dosa.

Takardar ma a duba ta. BTS na gwamnati daban yake da wanda makaranta ta buga da kanta. Na gwamnati jarrabawar ƙasa ce, ofishin OBEECS mai shirya bak shi ke shirya ta. Lisans da masta kuma a tambaya ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da wannan fanni a wannan makaranta, ko kuma hukumar CAMES, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa, ta san da shi. Kada a yarda da "muna kan hanya". A ce a nuna takardar izni. Haka wanda zai tsallaka Katsina ko Kano ko Sakkwato: karatu da Ingilishi ne, kuma in ya dawo sai an daidaita takardarsa da ta gida kafin ya shiga jarrabawar ɗaukar aiki.

Abin da ƙungiya za ta iya

Da farko a cika takardun neman bursi na ANAB a kan lokaci, a tanadi takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa tun kafin sakamako ya fito. Yara nawa suka rasa don takarda ɗaya ta makara!

Sannan bashin asusu a ajiye shi ga abin da ake biya sau ɗaya: rajista, kuɗin mota, katifa, kwamfuta. Ciyarwar wata-wata kuwa a nemo mata tushe dabam, akuya biyu da aka ware da sunan yarinyar, ko ribar man gyaɗa ta mako ɗaya cikin huɗu. Wadda ta ci bashi don ta aika kuɗin abinci, wata mai zuwa za ta sake ci don ta biya na farko, daga nan sai jin kunyar zuwa taro. Ƙungiyar da ke da iyayen ɗalibai da yawa tana iya matsar da ranar rabon asusu zuwa Satumba, don kuɗin ya zo daidai da komawa makaranta. Wannan magana ce ta babban taro, a kawo ta a tattauna.

Kuma kusan kowace ƙungiya tana da ɗa ko ɗiyar wata da ke jami'a yanzu. In sun zo hutu, a gayyato su ranar zubi, a shimfiɗa masu tabarma, a zo da ƴan ajin ƙarshe su zauna. A tambaye su nawa suke kashewa a wata, su nawa ne a ɗaki, wata nawa bursi ya yi bai zo ba, kuma cikin waɗanda suka riga su gamawa, su wa suka samu aiki, a ina.