Daga Toka Zuwa Lemun Tsami a Rusholme

Tun kafin zuwan sinadaran kanti, da toka matan Hausawa suke dirje tukunya, domin ruwan toka yana narkar da maiƙo. Da shi ma ake haɗa sabulun salo. A Rusholme, kudancin Manchester, murhun gas ba ya barin toka, amma shagunan titin Wilmslow suna sayar da lemun tsami da gishiri, masu fitar da tsatsa da ƙarnin kifi. Ruwan birnin, wanda aka fara jawowa daga tafkin Thirlmere a 1894, ba shi da zartsi, saboda haka sabulu kaɗan ya wadatar. Sai dai haɗa lemun tsami da bilic ganganci ne: yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu, musamman da hunturu, lokacin da tagogi suke rufe.