Sa'ad da Hamada Take Tabki

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Magarya da Dungas. Yau za mu yi magana a kan tarihin ƙasar da kuke nomawa. Tarihin sarakuna yana bakin tsofaffi da maroƙa. Tarihin ƙasa kuwa yana cikin rairayi da ƙasusuwa, masana ne suke tono shi. Ku saurara da kyau.

Jigawar da kuke nomawa

Ku dubi gonakinku. Yawancinsu jigawa ce, tudun rairayi nan, kwari can. Wa ya tara wannan rairayi? Iska ce. A shekarar 1958 wani masani ɗan Ingila, A. T. Grove, ya rubuta cewa jigayin ƙasar Hausa tsofaffin tuddan hamada ne. Wajen shekara 20,000 da suka wuce an yi fari mai tsawo ƙwarai. Hamada ta gangaro kudu har kusa da Kano. Inda kuke shuka hatsi yau, a lokacin rairayi ne mai tafiya.

Daga baya ruwa ya dawo. Ciyawa da itatuwa suka tsiro, suka kama rairayin, ya tsaya. Koguna suka cika. Kwarin Korama, inda kuke noman rake da lambu, hanyar tsohon kogi ce. Shi ya sa har yau ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashinsa.

Mutanen Gobero

Ruwan nan bai tsaya a ƙasarmu kaɗai ba. Ya kai can arewa, har cikin Tenere. A shekarar 2000 wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, da mutanensa suna neman ƙasusuwan dabbobin da a jihar Agadas. Sai suka tarar da wata tsohuwar maƙabarta a wani wuri da ake kira Gobero. Akwai kabari wajen 200 a wurin.

Kusa da kaburburan sun sami ƙasusuwan dorina, da kada, da giwa, da manyan kifaye irin giwan ruwa. Sun sami tsingaro, da ƙugiya da mashin kamun kifi na ƙashi. Ashe mutanen nan a bakin tabki suke zaune. Yau wurin ko ɗigon ruwa babu.

Al'umma biyu suka zauna a Gobero. Na farko dogaye ne ƙarfafa, masunta da mafarauta. Sun zauna tun wajen shekara 10,000 da suka wuce. Sai fari ya zo, tabkin ya ƙafe, suka tashi. Wurin ya yi shekara wajen 1,000 ba kowa. Da ruwa ya dawo, sai wasu mutane dabam suka zo, ba su kai na farko tsawo ba. A wani kabari nasu an sami mace da yara biyu suna rungume da juna. Wajen shekara 4,500 da suka wuce tabkin ya ƙafe gaba ɗaya, su ma suka tashi.

Akwai wata shaida kusa da mu. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya. Sai ya ci karo da kwalekwale a cikin ƙasa. Tsawonsa ya wuce mita 8, shekarunsa kuma wajen 8,000. A zamanin nan tabkin Cadi ya ninka girman da yake da shi a 1963 fiye da sau goma.

Yaya aka san shekarun?

Wani zai ce, wa yake nan da zai ba da labari? Ga yadda ake yi. Duk abu mai rai yana da wani sinadari a jikinsa. In ya mutu, sinadarin yana raguwa kaɗan-kaɗan, bisa ma'auni sananne. Kamar randa ce mai yoyo. In ka san abin da take zubarwa a yini, ka leƙa ka ga ruwan da ya rage, ka san kwanan da ta yi da cikawa. Haka masana suke auna ƙashi ko itace.

Me ya sa ruwan ya tafi?

Duniya tana kewaya rana, kuma yadda take karkata yana sakewa a hankali cikin dubban shekaru. A zamanin Gobero zafin bazara ya fi ƙarfi a arewacin Afirka. Zafin nan shi yake jawo iskar damina daga teku, ya kai ta nesa. Da karkatar ta sake, sai damina ta ja da baya. Wannan babu hannun mutum a ciki.

Na yanzu dabam ne. Duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin fetur da kwal da ake ƙonawa, musamman a ƙasashe masu manyan masana'antu. Abin da a da yake ɗaukar dubban shekaru, yanzu cikin rayuwar mutum guda ake ganinsa.

Dabbobin da suka ɓace

Da hamada ta bushe, dorina da kada suka bar Tenere. Amma wasu dabbobi suka jure. Ɗaya daga cikinsu mariri ne, mai dogon ƙaho lanƙwasasshe. Yana iya yin watanni bai sha ruwa ba. Ya yi dubban shekaru a arewacin ƙasarmu. Sai aka zo da bindiga da mota, aka bi shi ana harbi, ga kuma farin 1973 da na 1984. A shekarar 2000 masana suka sanar cewa babu sauran mariri a daji ko'ina cikin duniya. Sai a 2016 aka kawo waɗanda aka kiwata a waje, aka sake su a ƙasar Cadi.

Raƙumin dawa ma saura kaɗan ya tafi. Da can yana yawo daga Senegal har tabkin Cadi. A 1996 guda 49 suka rage, a wajen Kure kusa da Yamai. Da aka hana kashe su, mutanen ƙauyuka suka taimaka, sai suka haura 600.

Kun ga darasin. Fari yana raunana dabba da itace, amma sau da yawa hannun mutum ne yake ƙarasa su. Hannun nan kuma yana iya ceto.

Gawon Magarya

Ku kanku shaida ne. Sarakunan Damagaram na da sun hana saran gawo, suna yi wa mai sara hukunci mai tsanani. Bayan farin 1984 manoma suka koma ga rainon itace, abin da ake kira sassaben zamani. In tsiro ya fito a gona, a bar shi, a rage masa rassa, a tsare shi. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi bincike a Magarya, Matamaye da Mirya. A lokacin Dungas tana cikin Magarya. Sun ga gonaki wajen hekta miliyan 1 sun cika da itatuwa, galibi gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya ba hatsi taki. Da rani ya ba dabbobi abinci. Saiwarsa kuma tana riƙe rairayin nan da ya taɓa tafiya. In itace ya ƙare, iska tana nan, za ta sake ɗaukarsa.

Aikin wannan mako

1. Ku tambayi tsofaffin garinku, waɗanne namun daji da itatuwa suka sani da ƙuruciya waɗanda babu su yanzu? Ku rubuta sunayensu a littafinku.
2. Kowa ya ƙirga gawon da ke gonarsa, manya da ƙanana, ya rubuta adadin.
3. Ku kai wa malaminku, ku karanta wa juna, ku yi shawara a kan wanda za a iya mayarwa.

Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.